Sunan Abin da Ya Kashe Isuhu

Na sauka birnin Dhaka na ƙasar Bangladesh da rana tsaka, da jaka ɗaya da ƙullin kuka da daddawa da matata Rabi ta cusa mini a ƙasan kaya. Ina fitowa daga filin jirgi iska ta tare ni, mai zafi da danshi kamar tururin tukunya. An ce mini wani zai zo ya tarye ni riƙe da kwali mai sunana. Na karanta duk kwalayen da ke hannun mutane, na koma na sake karantawa. Babu Mansur a ko ɗaya.

Kafin wannan tafiya, ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Daura. Aikinmu bai wuce duba jini don maleriya da neman ƙwan tsutsa a bayan gida ba. Da damina kuwa, idan aka fara kawo yara daga ƙauyukan Baure da Sandamu suna amai da gudawa, sai in ɗora samfur a madubin hangen ƙwayoyi in gan su cunkus, kamar an watsa tsaki, amma ban san wace ce wace ba. Hanjin kowane mutum, mai lafiya da marar lafiya, cike yake da waɗannan ƙwayoyi da ake kira bakteriya. Mafi yawansu 'yan gida ne, da su ake narkar da abinci. Kaɗan ne baƙi masu kisa, kuma a madubi duk kusan kamarsu ɗaya. Sai in rubuta cewa an ga ƙwayoyi, likita ya ba da maganin da yake da shi, mu zauna jiran ikon Allah. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan. Ina so in koyi bambance su.

Wani dillalin karatu ne a Kano ya ce ya samo mini gurbi a wata kwaleji a can. Mahaifina, wanda fataucin shanu yake yi a kasuwar Mai'adua, ya sayar da bijimansa ya haɗa mini guzuri.

Washegarin saukata na nemo kwalejin da kaina, a bayan wani mai keken ɗaukar fasinja da ya yi ta zagaye da ni gari don ya ga ni baƙo ne. Matar da ke ofishin rajista ta karɓi takardata ta duba, ta kira wani, shi ma ya duba. Suka yi magana da harshensu, sannan ta juyo ta ce mini da Turanci, a hankali, kamar mai lallashin marar lafiya:

"Wannan kwas an daɗe da rufe shi. Wannan sa hannun kuma ba na kowa ba ne a nan. Ka yi haƙuri, ba kai ne na farko ba."

Na fito na zauna a gefen titi. Na kira dillalin, waya a kashe. Har yau a kashe take.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su a wani ɗan masauki mai warin kifi da ruɓaɓɓen katako. Duk inda na bi yara na biye da ni, wani ya taɓa hannuna ya duba yatsansa ko baƙin ya goge. Abincinsu shinkafa ce safe da rana da yamma, da barkonon da ke sa kunne ƙara. Sai da na yi kusan mako kafin na iya kiran mahaifina. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, na raɓe a jikin katanga na faɗa masa komai. Da na gama sai ya ce:

"To abin da ka je koyo, babu shi a garin ne gaba ɗaya?"

"Akwai, Baba."

"To ka nemo shi. Shanun dai sun riga sun tafi, dawowarka ba za ta dawo da su ba. Allah ya yi maka jagora."

Ina sauke wayar na ji an dafa kafaɗata ta baya.

"Kai bawan Allah, Hausa nake ji ko kunnena ne ya samu matsala?"

Wani dogon saurayi ne baƙi, da rigar 'yan ƙwallo, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Ya ce sunansa Isuhu, mutumin Matamai ne ta ƙasar Nijar. Da na ce masa daga Daura nake, sai ya rungume ni a gaban jama'a kamar wanda ya tsinci ɗan'uwansa na ciki ɗaya.

"Ai mu maƙwabta ne! Iyakar Kongolam kawai ke tsakaninmu. Sau nawa na raka baffana kai tumaki Mai'adua ranar Lahadi!"

Shi ma dillali ne ya kawo shi, da alkawarin zai buga wa babbar ƙungiya ƙwallo. Ya buga wa wata ƙarama na ɗan lokaci, gwiwarsa ta goce, suka sallame shi. Izinin zamansa ya ƙare, komawa gida ta gagara. Yana rayuwa ne da wasannin unguwa da ake ɗaukar baƙi haya, a buga a sallame su da yamma. A ranar ya je ya ɗauko jakata daga masaukin nan, bai ma tambaye ni ko na yarda ba.

Ɗakinsa yana saman wani tsohon bene kusa da kogi. Mai gidan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Khala, wato inna da harshensu. Ba ta jin Turanci, ba ma jin nata, amma kullum sai ta leƙo ta nuna bakinta da yatsa, ma'ana ko mun ci abinci. Ranar da na kwance ƙullin Rabi, muka tuƙa tuwo da garin shinkafa muka kaɗa miyar kuka a kan ɗan risho. Isuhu ya kai loma ɗaya bakinsa, ya ajiye hannu, ya juya fuskarsa wajen taga. Da ya juyo sai ya ce daddawar Daura ba ta kai ta Matamai ba, muka yi ta musu har tuwon ya ƙare.

Shi ya koya mini garin: yadda ake ciniki da masu keke, lambobin motocin haya, kalmomin gaisuwa. Shi ya riƙa raka ni asibiti-asibiti, ɗakin gwaji bayan ɗakin gwaji, ina roƙon a ɗauke ni ko da ba albashi, in dai zan koya. Wasu ba su bari mun wuce mai gadi ba. Wasu suka ce in dawo, na dawo, suka ce in sake dawowa.

A wani ɗakin gwaji da ke jikin wani asibitin talakawa na haɗu da Dakta Shirin. Gajeruwar mace ce mai furfura da tabarau, ba ta murmushi. Ta saurari labarina tana ci gaba da aikinta. Da na gama sai ta ɗauko faranti biyu na gilashi ta ajiye a gabana. A cikin kowanne akwai wani abu kamar daskararren kunu, a kansa ƙwayoyi sun tsiro ɗigo-ɗigo. Na ɗaya ɗigonsa ja ne jawur, na biyu kuma fari-fari, ba shi da wani launi.

"Duka daga bayan gidan yara ne," ta ce. "Wanne zai hana ka barci?"

Na nuna jan. Ai ja shi ne haɗari.

"Wannan yana cikin hanjinka yanzu haka, yana cikin nawa. Wannan farin da ka raina, shi ne ya sa yarinyar da ke gado na ƙarshe take kashin jini." Ta mayar da farantan. "Ba ka san komai ba. Amma ka faɗi abin da kake zato ba ka ɓoye ba. Ina neman mai wanke kwalabe. In ka gama wanki, ka tsaya bayana ka kalla."

Haka na koma mai wanki, ni da nake da ofis da farar riga a gida. Na wanke gilasai, na dafa su a tukunyar tururi, na kwashe abin da mutum ba zai so ya ambata ba. In na gama in tsaya bayanta.

Abu na farko da ta cire mini daga kai shi ne dogaro da madubi kaɗai. Ta ce ƙwayoyin nan ba a gane su da fuska, da hali ake gane su: me suke ci, me suke ƙi, me suke fitarwa in sun ci. Don haka shuka su ake yi. A ɗebo ɗan samfur da siririyar waya da aka ƙona a wuta, a ja shi a kan abincin da ke cikin faranti, a sa a akwati mai ɗumi irin na jikin mutum, a dawo gobe. A cikin wancan abincin akwai sukarin madara. Ikolai, babban ɗan gidan hanji, yana cin sukarin madara, shi ya sa yake yin ja. Salmonela da Shigela ba sa ci, sai su fito fari. Daga nan sai a raba waɗannan biyun. A soka kowanne a kwalba mai abinci ruwa-ruwa: Salmonela tana tafiya, sai ta bazu ta gurɓata kwalbar, Shigela kuwa ba ta motsi, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Salmonela takan fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke baƙanta abincin, Shigela ba ta yi. Akwai wata mai suna Furotiyas da ita ma take fitowa fari ta kuma yi baƙi, ta yaudari sabon shiga, amma ita in ta samu wuri mamaye faranti take yi, da wari irin nata da in ka shaƙa sau ɗaya ba ka mantawa.

Na yi kuskure ba iyaka. Dakta Shirin ba ta faɗa, sai dai ta tura mini farantin ta ce, "Sake." Wata rana na kira wata ƙwaya da sunan da ba nata ba, ta cire tabarau ta dube ni.

"Mansur, in ka ce kwalara alhali atini ne, likita zai bi ka. Shi ba ya ganin farantin. Idonka ne idonsa."

Da yamma in na koma ɗaki, Isuhu yakan toshe hanci ya ce in tsaya daga bakin ƙofa tukuna. "Kai dai Allah ya haɗa ka da sana'a. Mutane na ƙetare teku su nemo zinariya, kai ka ƙetare ka zo kallon kashin mutane." Amma yakan zauna ya saurari abin da na koyo, har ya riƙe sunayen. In wani ɗan wasa ya ƙi gudu a fili sai ya ce masa Shigela.

Bayan wasu watanni Dakta Shirin ta shige mini gaba aka yi mini rajista ta gaskiya a matsayin mai koyon aiki, zamana ya halatta. Ta ɗauke ni daga wajen wanki ta ba ni kujera.

Sai damina ta sauka. Ni ɗan Daura ne, mu ruwa roƙonsa muke yi. Ban taɓa sanin ana iya tsoronsa haka ba. Aka yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa har kogi ya haɗe da titi, masai ya haɗe da famfo. Muna tafiya aiki ruwa har gwiwa. Asibiti ya cika, aka kafa rumfuna a tsakar gida, aka jera gadaje masu rami a tsakiya da bokiti a ƙasa. A lokacin na fara ganin ƙwayar kwalara da ranta. Aka ɗiga ruwan cikin wani dattijo a gilashi, na leƙa madubi, na ga wasu 'yan ƙanana masu lanƙwasa suna harbawa nan da can kamar tartsatsin wuta. Washegari suka tsiro rawaya a kan koren faranti. Muna aiki daga safe har magariba, ba mai zama cin abinci.

A cikin wannan hidima ne Isuhu ya fara zazzaɓi. Ba gudawa yake ba, don haka hankalina bai tafi ga abin da ke cika asibiti ba. Ciwon kai ne da kasala, zafin jiki kullum yana ɗara na jiya. Ya ce maleriya ce, ya je kemis ya sayo ƙwayoyi, da ba su yi ba ya koma aka ba shi wasu. Na duba jininsa, babu maleriya. Na ce mu je asibiti.

"In je su tambaye ni fasfo? Ka san inda ake kai irina. Bari dai, Mansur, jikin ɗan ƙwallo ne, zai warware."

Bai warware ba. Ya daina cin abinci. Khala ta riƙa hawo benen da ƙyar tana kawo masa ruwan shinkafa da ɗanyen kwakwa, ta zauna tana shafa masa kai tana magana da harshenta, shi kuma yana amsa mata da Hausa. Da aka shiga mako na uku ya fara sambatu da rana tsaka, yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba.

Na sami Dakta Shirin a ofis na faɗa mata.

"Wane ne shi?"

"Ɗan'uwana ne."

"Me ya hana ka kawo shi tun farko?"

"Ba shi da takardun zama."

Ta ajiye alƙalami. "Ni likita ce, ba ma'aikaciyar shige da fice ba. Ɗebo jininsa da bayan gidansa ka shuka yau. Kuma kada ka jira faranti, ka kawo mini shi."

Na ɗebi samfur na shuka da hannuna. Isuhu kuwa ya kafe, ya ce a bar shi zuwa gobe. Goben da safe ya ƙwalla ƙara ya riƙe ciki, na taɓa cikin na ji shi tauri kamar katako. Bai ƙara musu ba. Ni da maƙwabta muka sauko da shi a cikin bargo. Mota ba ta shiga unguwar saboda ruwa, sai wani mai keken dakon kaya ya sauke buhunan albasarsa a kan dakali, muka shimfiɗa Isuhu. Yana ja muna turawa, ruwa har cinya, Khala na biye da mu riƙe da lema a kansa. Da muka isa na juya in sallami mai keken, ya riga ya juya ya tafi.

Likitoci suka ce hanjinsa ya huje. Aka shiga da shi tiyata.

Ni kuma na wuce ɗakin gwaji, don ban san inda zan sa kaina ba. Na buɗe akwatin ɗumi na ciro farantansa. A cikin jajayen ɗigo na 'yan gida, ga wasu farare ƙanana. Na tsince su na soka a kwalabe. Sai da aka sake kwana kafin su yi magana. Kwalbar motsi ta gurɓace, ƙwayar tana tafiya. Ba ta ci sukarin madara ba. Ba ta tara iska mai yawa kamar sauran danginta ba, halin ta taifot ke nan. A ɗaya kwalbar kuma, daidai inda waya ta shiga, ga wani siririn baƙi kamar an ja layi da tozali. Abin da ya tsiro daga jininsa ma haka. Na ɗiga ruwan gwaji na ƙarshe a gilashi na gauraya, ƙwayoyin suka dunƙule kamar madarar da ta tsinke.

Dakta Shirin tana tsaye a bayana, inda ni na saba tsayawa.

"Karanta mini," ta ce.

"Salmonela ce. Ta taifot."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Ni ma haka na gani. Duba farantin magani."

A wannan farantin akan shimfiɗa ƙwayar ne a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Maganin da ke kashe ta, sai ka ga fili fes kewaye da shi. Na nemi irin waɗanda Isuhu ya yi ta sha daga kemis. Ƙwayar ta tsiro har jikin takardun, ko tazarar gashi babu. Duk makonnin nan da yake haɗiyar ƙwayoyi, kamar ruwa yake sha. Akwai guda ɗaya da fili ya kewaye. Na rubuta sunansa na ruga da shi ɗakin marasa lafiya da kaina, aka sauya masa allura a take.

Wannan ne karo na farko da na bi ƙwaya tun daga samfur har sunanta ba wanda ya gyara mini. Abin da na baro gida dominsa ke nan, kuma a jikin Isuhu na same shi.

Ya farfaɗo bayan tiyata har ya gane ni. Na faɗa masa an gano ciwon, an samu maganinsa.

"Wace ce a cikinsu?" ya tambaya, murya can ƙasa.

"Salmonela."

"Mai tafiyar nan." Ya ɗan yi murmushi. "To ai gara ita. Da Shigela ce ta kayar da ni, da na ji kunya."

Daga baya ya ce, "In ka koma, ka ƙetara ka gaida Inna. Ba nisa."

Na ce tare za mu je.

Dafin ya riga ya bazu a jininsa tun kafin a buɗe cikin. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, ina riƙe da hannunsa ina maimaita masa kalmar shahada.

Ni da limamin unguwa muka yi masa wanka. Na ɗauka mu kaɗan ne za mu sallace shi, baƙo marar dangi. Da muka fito da shi sai na ga masallaci ya cika har waje: masu kanti, masu keke, samarin da yake buga ƙwallo da su, mutanen da ban taɓa gani ba. Maƙabartar tana kan tudu, duk da haka ana haƙa ruwa na tsattsafowa, sai da aka yi ta kwalfewa. Su ba itace suke jerawa ba, gora suke tsagawa su rufe. Na shiga ramin na karɓe shi, na juya fuskarsa. A can alƙibla yamma take. Na tuna cewa ta wannan wajen gida yake.

Na kira yayansa Mamman na faɗa masa. Abin da na ji ta cikin wayar ba zan rubuta shi ba.

Na yi kwanaki ban je aiki ba. Ina zaune a ɗakin, ga takalman ƙwallonsa a bayan ƙofa. Na yanke shawarar in tattara in koma gida. Sai ga Dakta Shirin ta hawo benen da kanta, tana haki, riƙe da kwanon abinci. Ban taɓa ganinta a wajen ɗakin gwaji ba. Ta zauna a bakin katifa ta jira har na ci.

"Na san abin da kake tunani," ta ce. "Kana cewa me amfanin sanin sunan, tunda ya mutu. Ni ma na yi wannan tambayar, ba sau ɗaya ba. Daga layinku an kawo mana wasu masu irin zazzaɓinsa. Saboda farantinka, ba mu ɓata lokaci da maganin da ba ya aiki ba. Akwai mai ciki a cikinsu, jiya ta zauna ta ci abinci." Ta miƙe. "Gobe akwai samfur da yawa. Ba ni da mai karanta su."

Na koma. Na ƙarasa shekarar, na ƙara wasu watanni a kai. Ranar da zan taho Khala ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi ta addu'a, kalmar amin kaɗai na gane. Dakta Shirin ta ba ni takardar shaida da 'yan kayan aiki a kwali, ta ce in na rasa wutar lantarki in nemi akwatin ɗumi mai aiki da hasken rana, kada in ce ba zai yiwu ba.

Na kwana biyu a Daura, na ga Rabi da yara, na durƙusa gaban mahaifina. Sannan na ɗauki jakar Isuhu na hau mota zuwa Kongolam, na ƙetara.

Mamman ya tarye ni a tashar Matamai. Muna tafiya a ƙafa ya ce akwai abin da ya kamata in sani kafin mu shiga. Tun da labarin rasuwar ya zo, wani mai duba ya faɗa wa mahaifiyarsu cewa jifa aka yi wa Isuhu daga gida, kuma ƙanin mahaifinsu ne, Baffa Idi, saboda wata gona da ake taƙaddama a kanta tun rasuwar mahaifinsu. Inna ta hana Baffa zaman makoki. An ja katanga a tsakiyar gidan. 'Ya'yan ɗakunan biyu ba sa gaisawa, har an taɓa zare wuƙa a bakin rijiya.

"Ni ban san abin da zan yarda da shi ba," ya ce. "Yaro lafiyayye kamar doki, a ce ciki ya huje haka kawai?"

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar siririya, da wushirya irin tasa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ajiye jakar a gabanta. Ba ta buɗe ba, ta dai ɗora hannu a kai. Ta tambaye ni wa ya yi masa wanka, na ce ni. Ta tambaya ko ya samu shahada, na ce ya samu. Sannan ta ce:

"Ɗana, an ce kai ma'aikacin asibiti ne. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Me ya kashe shi?"

"Taifot ne, Inna. Wata ƙwayar cuta ce da ke shiga ta ruwa ko abinci, ta zauna a hanji ta yi ta ci har ta huda shi."

"Haka likitoci ke cewa in ba su gane ba."

"Ba faɗa mini aka yi ba, Inna. Ni na ɗebi jininsa da hannuna. Ni na shuka shi, abin ya tsiro, na gan shi."

"Da idonka?"

"Da idona. Na bi shi gwaji bayan gwaji har na san sunansa, babbar likitarmu ta duba ta ce haka ne."

Ta ƙura mini ido. "To ba a iya turo shi? Daga nan?"

Na san abin da take tambaya. Mamman ya sunkuyar da kai. Ta bayan sabuwar katangar na ji an daina daka.

"Inna, ni ban san gaibu ba, Allah kaɗai ya sani. Amma abin da na gani zan faɗa. A lokacin ruwa ya ci unguwarmu, masai ya shiga famfo. Wannan ƙwayar, ita ɗin dai, da halinta da komai, na same ta a cikin mutane da yawa a layinmu. Akwai tela, akwai mace mai ciki, akwai limamin da muka yi masa wanka tare, shi ma daga baya ya kwanta. Duk famfo ɗaya muke sha. Babu wanda ya san Matamai a cikinsu, balle gonarku."

Ta jawo jakar ta buɗe, ta ciro rigar ƙwallonsa, ta kai hancinta. A nan ne ta yi kuka, marar sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Muka zauna muna jira. Aka kira azahar, ba wanda ya motsa.

Da ta share fuska da bakin mayafi sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba:

"Mamman, zagaya ka ce wa baffanka baƙon Isuhu ya zo. Ya shigo su gaisa."

Mamman ya fita ta ƙofar gida, don yanzu sai an zagaya ta waje. Jim kaɗan ya dawo da wani tsoho mai sanda. Tsohon ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, bai shigo ba sai da Inna ta amsa da bakinta. Ya zo ya zauna a gefen tabarmata. Bai dubi Inna ba, ita ma ba ta dube shi ba.

"Yaro," ya ce mini, "ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. An samu mutane a sallarsa?"

"An samu, Baffa. Masallaci ya cika har waje."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Sannan ya ajiye sandar ya ɗaga hannuwansa, muka ɗaga namu. Inna ma ta ɗaga.